In Basira Ta Ji Rauni, Ina Sihiri Yake? Nazarin wata doka ta wasan Dungeons & Dragons

Akwai wani nau'in wasa da ya samo asali daga Amurka, wanda ake kira jeu de rôle da Faransanci. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Babu dandali, babu ƴan kallo, kuma ba a rubuta ƙarshen labarin ba tukuna. Idan tauraro ya yi niyyar aikata abin da ke iya yiwuwa ko ya faskara, sai a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. Uban waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a shekarar 1974. A Faransa, mujallar Casus Belli da aka kafa a 1980 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi tsakanin ƴan makarantar sakandare da ɗaliban jami'a.

Sihirin da ke cikin wasan ƙage ne na kan takarda, kamar yadda Dodo yake a tatsuniya. Amma dokokin wasa su ma rubutu ne, kuma kowane rubutu yana ɗauke da ra'ayi a kan ɗan Adam. Shi ya sa na ga ya dace a yi musu irin nazarin da muke yi wa ƙagaggen labari. Doka ɗaya tak zan ɗauka: mene ne ke samun ƙarfin masihirci idan basirarsa ta ji rauni? Tambayar tana kama da ta masu lissafi, amma mai karatu zai ga cewa tambayar malamai ce, domin tana bincikar inda ilimi yake zaune da abin da ke iya raba mutum da shi.

Baiwa shida da ƙofar sihiri

Tun bugun farko, ana siffanta kowane tauraro da baiwa shida: ƙarfi, zafin nama, juriyar jiki, basira, hikima da kwarjini. Kowace tana da lamba. A asali ana jefa ƙwayar lido uku ne a haɗa abin da suka bayar, saboda haka lambar takan kama daga 3 zuwa 18. Mafi yawan abin da ke fitowa 10 ne ko 11, ita kuwa 18 sau ɗaya take zuwa cikin jifa 216. Malamin da ya saba ba da maki bisa 20, inda 10 ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi, ba zai ji baƙunta a nan ba.

Tsarin sihirin kuwa an aro shi ne daga marubuci Jack Vance, wanda a littafinsa The Dying Earth na 1950 ya ƙago masihirta masu cusa surkulle cikin kawunansu, su mance shi da zarar sun furta. Wato tun daga tushe, sihirin wannan wasa karatu ne da hadda.

Bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a shekarar 2000, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2003, shi ne ya ɗaure sihiri da baiwa ɗaurin da ya fi tsauri. Masihircin littafi ya dogara da basira, mai hidimar ɗakin bauta ya dogara da hikima, wanda ya gaji sihiri a jini da kuma mawaƙi sun dogara da kwarjini. An kasa surkulle mataki-mataki har zuwa na tara, sannan baiwar tana aiki ta hanya uku. Ta farko ita ce ƙofa: ba mai iya koyo ko furta surkulle sai lambar baiwarsa ta kai 10 a tara da matakin surkullen. Na mataki na uku yana buƙatar 13, na tara yana buƙatar 19. Ta biyu ita ce kaifi: kowane maki biyu da suka haura 10 suna ba da ribar maki ɗaya, wadda ke ƙara wa abokin gaba wahalar kuɓuta. Ta uku ita ce yawa: mai babbar baiwa yana samun ƙarin surkullen da zai iya furtawa a yini.

Wannan bugu ya kuma cika duniyar wasan da abubuwan da ke cin baiwa: guba, cututtuka, fatalwa, da surkullen abokan gaba. Ya raba asarar gida biyu. Akwai rauni, wanda ke warkewa da kansa, maki ɗaya bayan barcin kowane dare, ko maki biyu ga wanda ya kwanta jinya yini da dare. Akwai kuma zuƙewa, wadda ba ta dawowa sai da surkullen warkarwa na mataki na huɗu, shi ma sai an ƙona garin lu'ulu'u na tsabar zinariya 100. Idan juriyar jiki ta kai sifiri, tauraro ya mutu. Idan basira ce, sai ya faɗi a sume. Idan hikima ce, sai ya nutse cikin barci mai cike da munanan mafarkai.

Misali guda

Bari mu ɗauki masihirciya mai daraja ta biyar, basirarta 16. Ribarta 3 ce. Tana iya furta surkulle biyu na mataki na uku a yini, ciki har da dunƙulen wutar nan da ya yi suna a wasan. Duk wanda ta jefa masa shi sai ya kai 16, da ƙwayar lido mai fuska 20 da abin da yake da shi na kariya, kafin ya rage ƙunar. A wata liyafa aka zuba mata guba a abinci, ta rasa maki 4. Basirarta ta koma 12. Nan take ƙofar mataki na uku ta rufe, tun da 13 ake nema. Lambar kuɓuta daga surkullenta na mataki na biyu ta sauko daga 15 zuwa 13. Ƙarin surkullen da take samu a wannan mataki shi ma ya tafi. Littafinta yana nan cikin jaka, ba harafin da ya goge, darajarta ba ta ragu ba, amma rabin abin da ya sa ake tsoronta ya kuɓuce mata. Barcin dare ɗaya zai mayar da ita 13, wutar ta dawo ba da cikakken kaifinta ba. Sai bayan dare huɗu za ta koma yadda take.

Jiki ma yana da hannu a ciki. Raunin juriya yana rage iya tattara hankali, ta yadda sara ɗaya zai iya wargaza surkulle a tsakiyar furuci. Raunin zafin nama yana sa saiti ya kauce, in ya kai sifiri kuwa hannu ya sandare, ba damar yin ishara da yatsu.

Abin da dokar ta faɗa daidai

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne, dokar ta zaɓi wurin da ƙarfi yake zaune, kuma ta tsaya a kan zaɓinta. A labaranmu na gargajiya ƙarfi yakan zauna cikin abu ko cikin sharaɗi: laya, guru, zobe, ko wani hani da boka ya gindaya. A sace layar ko a karya sharaɗin, magani ya karye, kuma kowane asiri yana da makarinsa. Shi wannan wasa ya ajiye ƙarfin cikin kan mutum, cikin ƙwaƙwalwar da zazzaɓi ke iya dusashewa. Wanda ya taɓa tsaron jarrabawar BEPC ya san wannan hali. Ka ga yaron da ka san ya iya darasi sarai, masassara ta kama shi daren jiya, yana kallon takarda kamar bai taɓa ganin alli ba. Ilimin bai gudu ba, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Dokar ta ƙara da cewa ita ce uwar karatu.

Abu na biyu shi ne abin da raunin yake yi wa zubin labari. Raunin takobi a wannan wasa ba ya canza komai: mayaƙin da ya rage da makin rai ɗaya yana sara kamar lafiyayye, har sai ya faɗi. Raunin basira kuwa yana canza mutum, yana kuma kawo lokaci cikin lissafi. Na taɓa jagorantar irin wannan wasa da Hausa ga wasu ɗalibaina a wani hutu, kuma abin da ya faru ga masihirciyar misalinmu a teburinmu ya faru. Ayarin yana bin sawun ɓarayin da suka sace ɗan sarki. Sai gardama ta kaure: a tsaya kwana huɗu ta warke sawu ya ɓace, ko a ci gaba da ita haka nan? Sun fi rabin awa suna musu, ba wanda ya taɓa ƙwayar lido. A ƙarshe yarinyar da ke riƙe da tauraruwar ta ce a tafi, za ta yi dabara da ƙananan surkullen da suka rage mata. Duk zaman da muka yi, ba a yi magana mai ma'ana kamar ta wannan rana ba, kuma rashi ne ya haife ta.

Masanin nan na Faransa, Roger Caillois, a littafinsa Les Jeux et les Hommes na 1958, ya kasa wasanni gida huɗu: gasa, sa'a, kwaikwayo da juwa. Ya ɗauka cewa sa'a da kwaikwayo ba sa haɗuwa, domin mai jiran hukuncin sa'a ba shi da abin kwaikwaya. Shekara 16 bayan haka aka gina sabon wasa a kan wannan haɗi da ya hana. Raunin baiwa shi ne wurin da haɗin ya fi fitowa fili: ƙwayar lido ta faɗi, dole mai wasa ya sauya muryar tauraronsa, ya nuna mutumin da kalma ke kuɓuce wa harshensa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Inda ta yi tuntuɓe

Duk da haka, dokar tana da aibu uku da ba za a rufe ido a kansu ba.

Na farko shi ne wahalar lissafi. Maki huɗu da suka ragu suna taɓa lambobi da yawa a takardar tauraro: kowace ƙwarewa mai alaƙa da basira, kowane surkulle, yawan abin da ake furtawa a yini. Ana tsakiyar faɗa sai a tsaya ana goge-goge da fensir, washegari a sake gyarawa saboda maki ɗaya ya dawo. Ga kuma tambayoyin da masu wasa suka daɗe suna jayayya a kansu: surkullen da aka riga aka haddace da safe, ya goge ne gaba ɗaya, ko yana nan a kulle har basira ta dawo? Labarin da ake yawan katsewa don lissafi, zaƙinsa yakan tsere.

Na biyu ya fi muni. Raunin yana da amfani ne muddin ya bar wa mai wasa zaɓi. Idan ya yi yawa, sai ya kore shi daga tebur. Akwai surkulle na mataki na biyar da ke mayar da basira da kwarjini zuwa 1 a bugu ɗaya, wanda ya kamu ba ya furta sihiri, ba ya ma fahimtar magana, kuma masihirta ne aka fi raunana wa kariya daga gare shi. Ita ma gubar da muka ambata tana da cizo na biyu bayan minti ɗaya, wanda ke iya cin maki har 12. Mutumin da ya yi wata shida yana renon tauraronsa sai ya koma ɗan kallo saboda jifa ɗaya. A ƙagaggen labari marubuci yana iya sumar da tauraro babi uku ba wanda ya cutu. A tebur kuwa akwai mutum mai rai zaune yana jiran a ba shi magana.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na malami. Ƙofar 10 da mataki tana cewa mai basira 12 ba zai taɓa furta surkulle na mataki na uku ba, komai naci, komai daɗewa gaban malami. Gaskiya ne ana ƙara wa tauraro maki ɗaya a baiwar da ya zaɓa bayan kowace daraja huɗu, amma hanya mafi sauri ita ce sayen wani kambun sihiri da ke ƙara basira da maki 2, 4 ko 6. Wato basira lamba ce da aka haife ka da ita, in kana son ƙari sai ka je kasuwa. Alfred Binet, wanda ya fitar da ma'aunin basirar yara a Faransa a 1905 tare da Théodore Simon, shi kansa ya yi gargaɗi a kan ɗaukar basira a matsayin adadin da ba ya motsi. Mu da muke rubuta lamba da jan biro a kan takardun yara kullum, mun san yadda lamba ke zama hukunci a kan mutum, har yaro ya yarda shi ɗan 8 ne har abada. Ba ƙaramin abu ba ne wasan da matasa ke so ya maimaita musu wannan darasi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Masu tsara wasanni sun ga aibu na farko da na biyu, kowa kuma ya nemi magani. Bugu na huɗu na 2008 ya kawar da raunin baiwa daga tsarinsa. Wasan Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya gina a kan bugu na uku ya fitar a 2009, ya bi hanyar tsakiya: rauni ba ya rage ainihin lambar, sai dai kowane maki biyu na rauni suna jawo ragin maki ɗaya a kan ƙwarewa da kaifin surkulle. Masihirciyarmu a nan tana riƙe da wutarta, dusashewa kawai ta yi. Zuƙewa ce kaɗai ke rage lambar da gaske. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, ya cire ƙofar 10 da mataki ɗungurungum, ya bar dodanni ƙalilan masu taɓa baiwa, kamar inuwar da ke shan ƙarfi da wata halitta mai cinye basira. A kwaskwarimar 2024 har surkullen nan mai mayar da basira 1 an sauya masa suna da aiki: yana hana furta sihiri ba tare da ya taɓa lambar ba.

Wasa ya yi sauƙi, ba shakka, fensir ya huta. Amma an yi asarar wani abu. Masihircin da ba abin da ke iya shiga tsakaninsa da iliminsa ya zama kamar bindiga: ko tana da harsashi ko babu. Gardamar da ɗalibaina suka yi, ta a jira ko a tafi, da wuya ta taso a tsarin da barcin dare ɗaya ke wanke kusan komai.

A ganina bugu na biyu na Pathfinder, na 2019, shi ya fi kusa da daidai. A can ba a taɓa lambar baiwa, sai a ɗora wa tauraro wani hali na dushewar hankali mai daraja 1, 2 ko fiye. Halin yana rage kaifin sihiri, sannan duk lokacin da zai furta surkulle sai ya jefa ƙwaya mai fuska 20 ya sami aƙalla 5 a tara da darajar halin, in ba haka ba surkullen ya lalace a bakinsa. Mai daraja 2 yana buƙatar 7, wato sau 3 cikin 10 zai yi asara. Ƙofa ba ta rufe ba, amma kowane furuci ya zama kasada: in fitar da babban surkullena yanzu, ko in adana shi har kaina ya washe? Wannan ya fi kama da halin yaron nan mai masassara, wanda wata amsar ke zo masa wata ta ƙi.

Wata hanya dabam

Akwai kuma wasan da ya juya tambayar baki ɗaya. Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara bisa labaran H. P. Lovecraft, kamfanin Chaosium ya buga a 1981, Faransawa kuma suka san shi da L'Appel de Cthulhu. A cikinsa sihirin ne da kansa yake raunana mai shi. Yawancin surkulle suna cin wani abu daga lafiyar hankali, wasu manya kuma suna cin ƙarfin ruhi har abada. Iyakar lafiyar hankalin tauraro ita ce 99 a debe abin da ya sani na haramtaccen ilimi, saboda haka gwargwadon saninsa gwargwadon kusancinsa da hauka. Malaman Faransanci za su tuna La Peau de chagrin na Balzac, na 1831, inda fatar da ke biya wa Raphaël de Valentin bukata take tsukewa da kowane buri, ransa na tsukewa tare da ita. A nan rauni farashi ne da mutum ya gani ya kuma yarda ya biya. Ta fuskar adabi wannan ya fi gubar da aka zuba a abinci nauyi, domin masifar da mutum ya jawo da hannunsa ta fi wadda ta faɗo masa daga sama zama jigo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kammalawa

Hukuncina a kan dokar bugu na uku shi ne, ta yi gaskiya da ta ce ilimi yana zaune cikin jiki mai rauni, ana iya toshe hanyarsa ba tare da an goge shi ba, kuma warkewa tana cin kwanaki. Ta yi kuskure da ta mayar da basira lamba guda mai ƙofa, ta kuma bari jifa ɗaya ya raba mutum da wasa. Waɗanda suka gyara ta sun fi kula da wahalar lissafi fiye da ra'ayin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa wasunsu suka zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu masu sha'awar gwada irin wannan wasa don koyar da magana da ƙirƙirar labari, da Hausa ko da Faransanci, ma'aunin da zan bayar ɗaya ne. Duk asarar da jagora zai ɗora wa tauraro, ya tambayi kansa ko ta bar wa yaron da ke riƙe da shi wata shawarar da zai yanke. In ta bari, a ɗora ta ba tare da tausayi ba, domin daga nan labari yake tashi. In ba ta bari ba, a sassauta ta ko da littafin dokoki ya ce akasin haka. Kuma a bar wa tauraro mai basira 12 hanyar da zai kai ga mataki na uku ta wurin naci da zama gaban malami, tun da abin da muke faɗa wa ɗalibanmu ke nan kowace safiya a cikin aji.